Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman jami'armu ta Maraɗi: ku fito tele, amma ku yi mamu magana da Hausa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga malamanmu, furofesoshi da daktoci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi, da 'yan uwanku na Yamai da Damagaram da Tawa in takardar ga ta kai gare su. Allah ya gafarta malamai, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da yaranmu.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu shi ne gardamar da ake ta yi, a fada ana yi, a gurup na WhatsApp ana yi, har na ji cikinku ma ana yi, wai shin fitowar malamin jami'a a tele tana da amfani ko kuwa zubar da girma ce da neman suna. Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Tana da amfani, babba ma kuwa, kuma ni a ganina ƙarancin fitowarku ya fi cutar da mu bisa ga yawanta. Sai dai irin wadda ake yi yanzu, da Faransanci, daga Yamai, yawanci kan siyasa, can ƙarfe goman dare, wannan ba ta iso mamu ba, ko ta iso ba ta shiga kunnenmu.

Ni sana'ata gyaran tele da kafa parabol da ɗaura pano na hasken rana. Ban yi nisa a lakwal ba, daga kwaleji na tsaya na kama sana'a. Amma aikin ga ya shigar da ni gidaje da yawa, daga Zariya zuwa Bagalam zuwa Ali Ɗan Sofo har ƙauyukan hanyar Ɗan Isa, kuma mai kafa parabol shi ne yake jera wa mutane tashoshi, don haka na san abin da ake kallo. In na gama saiti maigida zai ce mani sa mani tashar wa'azi a lamba ɗaya, uwargida ta ce ina ta fim ɗin Hausa, yara su ce ƙwallo. Tashoshin ƙasa ana sa su, ana kallon labarun Hausa, ana kallon wasan kokowa in lokacinta ya zo, ranar ko numfashi ba a yi da ƙarfi. Amma da zarar an ga tebur da mutum huɗu da kwat, an rubuta furofesa wane ƙarƙashin hoto, ya buɗe baki da Faransanci, wallahi ko minti ɗaya ba a yi, hannu ya kai ga telekomand. Ba ƙin ilimi ba ne. Na ga tsoho ya tsaya yana kallon bakin mai maganar, ya juyo ya tambayi jikanshi me yake cewa, yaron ya ce kan tattalin arziki ne, shi ke nan fassarar ta ƙare, tsohon ya yi shiru ya ɗauki rediyonshi. Wajen mutum 6 cikin 10 na manyan ƙasar ga ba su karatun boko, a karkara da wajen mata abin ya fi haka. To da wa ake maganar?

Ga abin da nake so ku duba da kyau. Wurin da kuka bari ba ya zama wofi. Kamar rumfa ce a kasuwa, in mai ita bai fito ba wani zai baza kayanshi ciki. Yau wanda ke yi wa talaka bayanin ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda shi ne mai mota da lasifika a bakin kasuwa, kwalba ɗaya maganin cuta goma sha, da mai vokal na WhatsApp wanda ba a san sunanshi ba ba a san garinsu ba, ya fara da sallama mai daɗi ya ƙare da ku tura wa 'yan uwa don Allah. Su da Hausa suke yi, Hausa mai daɗi, da misali da rantsuwa, kuma ba su gajiya. Kun tuna 2020 lokacin korona, abin da anka yi ta yaɗawa, wasu sun ce babu cutar sam, wasu sun ce allurar ta hana haihuwa ce. Kafin nan a 2003 da anka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, jita-jitar ba ta tsaya neman biza a iyaka ba, nan ta shigo mamu, cutar ma ta biyo ta. A irin wannan lokaci mutum ba sanarwa yake buƙata ba, yana son ya ga fuskar wani ɗan ƙasa da ya yi karatun abin, ya ji shi da harshen da uwarshi ta yi mashi magana, ya ce mashi ga yadda abin yake, ga abin da munka sani, ga abin da ba mu kai ga sani ba tukuna.

Duk wanda ya girma a yankin ga ya san zancen ruwan Tibiri. Nan kusa da mu, bai kai kilomita 15 ba. Tun wajen 1985 mutanen garin ke shan ruwan wani foraj mai ɗauke da sinadarin fuluwor da ya wuce ƙa'ida nesa, hukumar lafiya ta duniya ta ce kar ya wuce miligiram 1.5 a lita, na can ya ninka haka fiye da sau uku. Yara na tasowa haƙora sun rine, ƙafafu sun lanƙwashe, ƙashi ya lalace, wasu ba su iya tafiya sai da sanda. Shekaru sun fi goma ana sha kafin maganar ta fito fili sosai, dubban yara abin ya taɓa, har yau kana gamuwa da su sun zama magidanta suna fama. A shekarun nan iyaye me ba su ce ba? An ce iska ce, an ce sammu, an ce gado, an kashe kuɗi wajen masu magani. Ruwan kuwa garau yake a ido, babu wari babu ɗanɗano, ba yadda za a yi uwa ta gane. Sai wanda ya san awo. Lokacin babu jami'a a Maraɗi, ban ɗora wa kowa cikinku laifi ba. Amma yau akwai. Tun 2010 muna da jami'a, akwai sashen kimiyya, akwai na noma da muhalli, akwai na likita. Yau foraj nawa ake haƙawa a unguwanni da ƙauyuka, na masu kuɗi, na sadaka, na masu piya wata? Nawa anka auna ruwansu? Ni ina so in kunna tele in ga malamin da ya san ruwa ya riƙe kofi biyu a hannu ya ce jama'a dukansu garau suke amma ɗaya guba ne a hankali, ga alamar da za ku fara gani a haƙorin yaro, ga inda ake kai ruwa a auna kafin a fara sha. Minti goma ya isa. Wanda zai ce mani wannan neman suna ne, to Allah ya ba mu masu neman suna irin haka da yawa.

Kuma abin da ya fi ci mani rai, ilimin yana nan cikin garin ga. Ba daga waje za a kawo shi ba. Ku ɗauki murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar gero. Manomi ya sha wahala tun shuka, ya yi noman farko ya yi maimai, gero ya fidda kai ya yi bununi, rai ya fara kwanciya, sai a wayi gari a ga zane ya kewaye zangarniya tana hawa tana ci, ka ɗaga damin ka ji shi sakayau. Malam buɗe littafin da ke haifar ta da dare yake saka ƙwai a kan geron, in ta ƙoshi ta sauka ƙasa ta kwanta har damina mai zuwa. To nan Maraɗi, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da na jami'a, irin su Furofesa Ibrahim Baoua, sun yi shekaru tun wajen 2006 suna aiki kan wani ɗan ƙwaro ƙanƙane da ke harbin tsutsar ya sandarar da ita ya saka ƙwanshi a jikinta, 'ya'yanshi su cinye ta. Ana kiwonshi, a sa shi cikin 'yan buhunan garara ƙanana da ɗan gero da tsutsar da zai fara ci, a kai gonakin gari daidai lokacin da gero ke fidda kai, shi kuma ya yi ta haihuwa yana bazuwa. Babu feshi, babu guba, ba ya taɓa mutum ba ya taɓa dabba. Har ƙasashen maƙwabta sun ɗauka. Amma ku shiga kasuwar hatsi ku tambayi mutum goma, ku ga nawa sunka taɓa jin labarin. Wanda ya ji ma zai ce maka a'a, ƙwaro kuma a ƙara mamu a gona? Dole ya ce haka, tunda ba a nuna mashi ba. Wannan abu ne na ido, tele aka yi domin shi, a kawo kamara kusa a ga ƙwaron bisa tsutsar, a ga zangarniyar da anka kai wa da wadda ba a kai wa ba.

Haka buhun PICS na ajiyar wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi anka gwada shi tare da masu bincikenmu na nan tun wajen 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba sai an jefa ƙwayar magani cikin abincin da yara za su ci ba. Shi kam ya shiga kasuwa, kuma don me ya shiga? Don an bi gari gari an ɗaure buhu gaban jama'a, an dawo bayan watanni an kwance gabansu, an kuma yi ta faɗi a rediyo da Hausa. Duk da haka har yanzu ina ganin mai zuba wake bai bushe ba, ko leda ta huje bai duba ba, ko ya riƙa buɗewa kullum yana ɗiba, in ya ɓaci ya ce buhun ƙarya ne. Kowace kaka sai an sake bayani, don kowace kaka akwai sabon magidanci.

Sassaben zamani ma haka. Duniya ta san Maraɗi da shi, tun 1983 da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara aiki da manoman nan kan barin tohon kututture a gona a gyara shi maimakon a sare a ƙone, har masu bincike sunka auna sunka ce wajen hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. An rubuta da Turanci, an rubuta da Faransanci, ana zuwa daga ƙasashe a ga Ɗan Saga. Manomin da ya yi aikin da hannunshi fa, sau nawa ya ga kanshi a tele zaune kusa da furofesa, shi yana faɗin yadda yake zaɓen reshe, malam yana bayyana dalilin da ya sa gero ke kyau ƙarƙashin gawo? Ni irin fitowar da nake roƙo ke nan, ku zo da manomin, ku zo da ungozoma, ku zo da makiyayi.

Kar ku manta tele a ƙasar ga da karatu ta fara. A 1964 anka fara telebijin na makaranta a Yamai, ana koya wa yara darasi ta allo, muna cikin na farko a Afirka, tun kafin a buɗe Tele Sahel ta kowa da kowa a 1979. Ga kulob ɗin rediyo da anka kafa tun farkon shekarun 1960, mutanen ƙauye su saurara su yi mahawara a naɗi muryarsu a mayar. Kuma sunayen da ke rubuce a ƙofar jami'o'inku ba na mutanen da sunka ɓoye iliminsu ba ne. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, masanin hasken rana ne, ya jagoranci ONERSOL, ofishin ƙasa na makamashin rana, ya ƙera na'urar dafa ruwa da rana tun ana ganin abin wasa ne, kuma tun 1964 ya rubuta cewa ilimi ba zai zauna a Afirka ba sai da harsunanmu. Yau ga pano ya cika gari. Ni nake ɗaura shi, kuma ni nake ganin asarar da mutane ke yi, mutum ya tara jika ɗari da wani abu ya sayi batir, ya haɗa kai tsaye babu regilater, ko ya ɗora mashi firiji da fanka da tele ya tsotse shi ƙaf kowane dare, kafin shekara batir ya kumbura ya mutu, ya ce kayan Sin ne ba su da kyau. In na yi bayani sai a ce so nake in sayar da kaya. Da malamin lantarki na jami'a zai fito ya faɗi abu guda ɗin, da an ji, don shi ba abin da zai sayar.

Yanzu bari in zo kan masu cewa kar ku fito, don maganarsu ba duka ba ce banza.

Suna cewa wasu na fitowa ne don a gan su a ba su muƙami. Gaskiya ne akwai. Mun ga wanda kullum yana tele yana sukar komi, ran da anka ba shi kujera shiru kake ji, ko ya dawo yana yabon abin da ya zaga jiya. Wannan ya zubar da mutuncin sunan furofesa wajen talaka, har in mutum ya fara magana sai a ce bar shi, nema yake. Suna cewa kuma akwai masanin komi, yau shi ne kan tsaro, gobe kan sefa, jibi kan ƙwallo, gata kan cutar da ta ɓullo, alhali karatunshi wani fanni ne can daban. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya fi na farko haɗari, don mu ba mu san bambancin ba, da mun ga an rubuta dakta shi ke nan mun ɗauka likita ne. Don Allah malamai in an kira ku kan abin da ba naku ba ku ce ba fannina ba ne, ga lambar wane shi ya sani. Kuma in an yi maku tambayar da ba ku da amsarta ku ce Allahu a'alamu, ba a bincika ba tukuna. Malaman zaure sun gada, ba ya rage masu komi. Mai lasifika ne kaɗai bai taɓa cewa bai sani ba.

Akwai masu cewa tele ba ta da haƙuri, binciken shekara biyar a ce ka faɗe shi cikin minti uku, ɗan jarida na katse ka, an haɗa ka da wanda ya fi ka baki ba ilimi ba, a ƙarshe mai ihu ya ci. Na yarda. To amma maganin wannan shi ne ku zaɓi irin shirin da za ku shiga, ba ku ƙaurace gaba ɗaya ba. Ba dole sai deba ba. Deba ta 'yan siyasa ce. Ku naku bayani ne, a zauna, a nuna, a buɗe layi mutane su bugo su yi tambaya.

Sai maganar ɗalibai. Wannan kam ina tare da su ɗari bisa ɗari, malamin da zai bar aji cike da yara, ga shekarar karatu na cin wata, ga takardun jarrabawa ba a gyara ba, ya tahi Yamai shiga tele, bai kyauta ba. Aji shi ne farilla. Wani malami da na yi wa aiki a gidanshi ya bayyana mani cewa ƙarin girmanku daga CAMES yake zuwa, hukumar ƙasashen Afirka da ke tantance malaman jami'a, can ana ƙirga abin da mutum ya wallafa a mujallun bincike ne, awa ɗari a rediyo ba ta ƙara mashi komi, ga aji ga iyali ga bincike babu kuɗi, don me zai wahalar da kanshi. Na fahimce shi. Shi ya sa nake cewa shugabannin jami'a da sandikanku su duba, a sa wannan cikin aikin da ake gani ake yabawa, ko a cikin gida ne. Don albashin nan da laburare da bursin da wasunku sunka yi karatu da shi a waje, daga aljihun mai tallan fura da mai kabu-kabu ya fito, su kuma ba za su taɓa karanta mujalla ba. Hanyar da za su ga ribar kuɗinsu ke nan.

Na san kuma akwai tsoro. Zamani ne da kowa ke auna kalmarshi kafin ya furta, ba ni ne zan ce wa mai iyali ya jefa kanshi cikin abin da zai dame shi ba. Ba siyasa nake kiran ku ba. Amma in kun fito, abin da awo ya nuna shi za ku faɗi ko bai yi wa wani daɗi ba. In taki jabu ne ku ce jabu ne. In unguwa bisa hanyar ruwa take ku ce kar a gina, mun ga abin da ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya yi mamu a garin ga cikin 'yan awoyi, rayuka da gidaje. In yara na ramewa a yankin da ya fi kowa noma, kamar yadda duniya ta gani a 2005 hatsi na kasuwa amma talaka ba ya iya saye, ku bayyana mamu dalili. Malamin da zai fito ya shafa wa magana mai don a ji daɗi, gara ya zauna gida.

Kan harshe kuwa, hujja ta ƙare. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci na aiki ne. Kuma yawancinku da Hausa kuke ciniki a kasuwa, da ita kuke gaida iyayenku. Na san abin da za ku ce, kalmomin kimiyya babu su. To ku leƙa tashoshin Kano da Katsina da muke kamawa nan, furofesoshin Bayero da na Zariya suna bayanin ciwon daji da hauhawar farashi da Hausa, inda kalma ta gagara su faɗe ta yadda take su kewaya da bayani, kuma ana ganewa. Ba mu ce sai Hausar littafi ba. Ku yi irin tamu ta Maraɗi da 'yan Faransancinta a ciki, ba mai yi maku dariya. Wanda Hausarshi ba ta nuna ba ya yi da Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci, akwai masu jiran shi su ma. Kuma ina roƙon malamai mata musamman. Akwai abin da matanmu ba za su taɓa tambayar namiji ba, awon ciki, jinin haihuwa, yoyon fitsari, shayarwa, tazarar haihuwa. Ran da likita mace ta yi magana da Hausa a tele, tsakar gida tsit yake yi, na gani da idona ina bisa tsani ina ɗaure waya, har maƙwabta ake kira. Ga yarinya 'yar lakwal da ke zaune gefe tana ganin mace irin ta ana ce mata furofesa, uban ma yana gani.

Masu gidajen tele da rediyo, ku ma kalma ɗaya. Masana ba a Yamai kaɗai suke ba, kilomita fiye da 600 ke tsakaninmu, ba wanda zai hau bus kwana guda don minti goma. Kuna da wakilai nan, ku aiko kamara jami'a da Tarna da Jiratawa. Kuma ku daina haɗa malami da mai tallan magani a shiri ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya, mai kallo sai ya ɗauka malam ne ya sa wa maganin hannu.

Na kuma sani tele ba ta kai ko'ina ba, galibin ƙauyukanmu babu kuran, nan birni ma yana zuwa yana tahiya. Amma shirin da anka ɗauka sau ɗaya ba ya mutuwa, a yanka shi guntu guntu na minti biyu uku, a sa suna da fannin malam a jiki, a sake shi a WhatsApp da Facebook da TikTok, a ba rediyoyin gari da na karkara sautin. Masu cajin waya a kasuwannin ƙauye su ke tura wa mutane fim da wa'azi a katin memori, su za su tura wannan ma in ya yi daɗin ji. Ɗalibanku sun iya wannan aikin da wayarsu.

Abin da nake roƙo a taƙaice bai fi ƙarfinku ba. Shiri ɗaya a mako, rabin awa, bayan isha'i, da Hausa, ana bin kalandar talaka. Kafin ruwa ya sauka a yi maganar iri da taki da hasashen damina. Yuli zuwa Oktoba maganar masassara da maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kowane wata, don har yau akwai uwar da ke ba da na ranar farko ta ajiye na sauran kwana biyun. Agusta murzuna da kwalara, mutanen Madarunfa ba su manta 2018 ba. Kaka ajiya da farashi. Lokacin zafi sanƙarau da ruwan sha. Tsakani a kawo masu tattalin arziki su bayyana wa 'yan kasuwarmu abin da ke tada naira yana kada ta, da abin da jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi zai canza mamu in ya iso, wa zai ci riba wa zai rasa sana'a, tun yanzu mutane su shirya. Kowane sashe ya ba da mutum ɗaya a wata, ba wanda zai gaji.

In kun fara, ku sanar da rana da lokaci da tashar tun da wuri, mu masu kafa parabol da masu gyaran rediyo mu ne muke shiga gidaje, za mu faɗa wa mutane.

Allah ya ƙara maku lafiya da basira, ya sa albarka a karatun yaranmu.

Wassalam.

Naku, wani mai gyaran tele a Maraɗi.